Tausar Wuya da Dattin Ƙwaƙwalwa: Muhawara a Zauren Lafiyar Iyali

Abban Khalifa: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Mahaifiyata tana fama da cutar mantuwa har sunayen jikokinta suna kuɓuce mata, shi ya sa na fara kai ta wajen wani likitan tausa da yake bin bayan kunnuwanta da gefen wuyanta da yatsu a hankali, domin ruwan ƙwaƙwalwa ya samu hanyar fita da dattin da ya taru. Da na gaya wa likitanta na asibiti sai ya yi murmushi, ya ce in tattala kuɗina. Alhali tun 2012 mai binciken ƙwaƙwalwa Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna cewa ruwa yana ratsa ƙwaƙwalwa yana kwashe datti, a 2015 kuma aka gano magudanai a tantanin da ya lulluɓe ta, masu zubawa a kaluluwar wuya. Wannan raini ne ko rashin sani?

Dakta Nura: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Alhaji, wane ne ka kira likita? Wanda bai yi karatun likitanci ba, bai kuma mallaki lasisin duba marasa lafiya ba, mai tausa ne, ko da ya sanya farar riga.

Maman Ummi: Dakta, wannan magana taka ta taɓa mu ma'aikatan gashin ƙashi. Shekara biyar muka yi a jami'a, kuma tausar da ake magana a kanta tana da asali: Emil Vodder, mutumin Denmark, ya tsara ta a shekarun 1930, har gobe da ita muke rage kumburin hannu ga matan da aka yi wa tiyatar sankarar mama.

Dakta Nura: Hajiya, ban ambaci sashenku ba. Kuma hannu daban, ƙwaƙwalwar da take rufe cikin ƙoƙon kai daban.

Maman Ummi: Ba ka ambata ba, amma mun san inda aka dosa. Kullum haka kuke, sai an zo batun albashi da shugabancin asibiti ku nuna cewa kowa yaronku ne.

Malam Habu: Idan kalmar ce matsala, mahaifina wanzami ne, kuma duk ƙauyenmu likita suke ce masa. Ƙaho yake kafawa a ƙeya mutum ya tashi kansa sakayau. Wa ya ba ku ikon mallake suna?

Injiniya Sadik: Don Allah mu koma kan tambayar. A 2025 masu bincike a Koriya ta Kudu sun wallafa a mujallar Nature cewa shafar fuska da wuyan tsofaffin ɓeraye da wata na'ura ta ƙara yawan ruwan da yake fita daga ƙwaƙwalwarsu. Sai dai ɓeraye ne, na'ura ce mai auna ƙarfin dannawa, kuma fitar ruwa aka auna, ba dawowar tunani ba.

Dakta Nura: Madalla, Injiniya. In ƙara da cewa babbar jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa a gefen wuya take, kuma danna ta da ƙarfi ga tsohuwa yana iya jawo suma, ko ma shanyewar ɓarin jiki.

Malam Habu: To shi injiniya likita ne da ka yaba masa?

Abban Khalifa: Ni dai har yanzu babu wanda ya ce mini in ci gaba da kai ta ko in daina.

Shugaban Zaure: Zan rufe wannan batu saboda dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne, binciken Koriya ya tabbatar da amfanin tausa, kuma Hajiya Maman Ummi, wadda ita ta kula da ƙafata bayan karayar da na samu, ta kawo hujjar da ba a iya ture ta ba. Ina roƙon likitocinmu su rage girman kai.

Injiniya Sadik: Ranka ya daɗe, ban ce ya tabbatar ba. Ɓeraye na ce.