Wa ya taɓa riƙe hannun jarin Halozyme? A zo a ba mu labari

Abban Khadija:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina riƙe da ɗan hannun jarin Halozyme, kamfanin nan na San Diego a Amurka. Sana'arsu ita ce ba manyan kamfanonin magani hayar wani sinadari mai suna ENHANZE, wanda ke sassauta naman ƙarƙashin fata na ɗan lokaci har maganin da a da sai ta ƙarin ruwa ya shiga da allura ɗaya. Duk kwalbar da aka sayar suna da kasonsu. Abin da ya ja ni shi ne maganar da ake ta yi cewa cinikinsu ya fara wuce magungunan kansa kaɗai. Wanda ya taɓa shiga ko ya fita, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni ba ta allon farashi na san shi ba, ta hannuna na san shi. Ma'aikaciyar jinya ce ni a Ingila. Darzalex na masu kansar ɓargo, a da mara lafiya kan wuni a kujera ana masa ƙarin ruwa. Na ƙarƙashin fata, mai ENHANZE, minti uku zuwa biyar ne a fatar ciki. Wani dattijo ya tambaye ni ko na manta da sauran maganin ne! Da aka kawo allurar Ocrevus mai ENHANZE ta masu cutar MS (ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) a 2024, minti goma sau biyu a shekara, sai na ce wa maigida ya sayo mana hannun jarin kaɗan. Kujera ɗaya da ke ɗaukar mutum ɗaya a wuni yanzu tana ɗaukar da yawa, asibiti kuwa ba ya wasa da wannan lissafin.

Malam Sabo Mai Lissafi:
Ni na fita tun Nuwamban 2019, lokacin da gwajin maganinsu na kansar pancreas, PEGPH20, ya faɗi suka sallami fiye da rabin ma'aikata. Tsoro ne ya kama ni, ban tsaya na karanta ba. Ashe daga nan ne suka daina neman maganin kansu suka koma cin hayar fasaha. Garajena ne, ba laifin kowa ba.

Ɗan Katsina:
Abban Khadija, kar zaƙin labarin ya kwashe ka. Gaskiya ne Vyvgart Hytrulo na kamfanin argenx, maganin ciwon raunin tsoka mai ENHANZE, ya samu izini a 2023, kuma akwai yarjejeniya da kamfanin ViiV kan maganin HIV tun 2021. Amma da Merck ta tashi mayar da maganinta na kansa, Keytruda, allura, wajen kamfanin Alteogen na Koriya ta Kudu mai irin wannan fasaha ta je, har Halozyme ta maka Merck kotu a 2025. Ni rabin nawa na sayar a lokacin. Ga kuma haƙƙin mallakar ainihin sinadarin da zai ƙare a Amurka a 2027.

Abban Khadija:
Maman Ilham, Allah ya saka da alheri, wannan ba a samunsa a rahoton kamfani. Ɗan Katsina, sauran rabin fa, kana riƙe da shi har a yanke shari'ar?

Ɗan Katsina:
Ina riƙe. Amma kuɗin makarantar yara ba ya ciki.