Jama'a, me za mu kira "random table" da Hausa?

Salam jama'a. Akwai wata kalma da ta tsaya min a maƙoshi tun hutun sallah, na kawo ta nan ko masu Hausa a baki za su raba mana gardama, jama'a kuwa suka kawo sunaye iri-iri, yau zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar ita ce random table, ta wasannin nan irin su Dungeons & Dragons da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana magana da bakinsa, in an zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba sai a jefa ɗan ludo. Ni nake ja wa ƙannena da abokansu biyu wasan, kuma da Hausa muke yi daga farko har ƙarshe, amma duk sanda na zo kan wannan abun sai in ji bakina ya ce "bari in duba randam tebur", ranar farko ƙaramar cikinsu har waige ta yi tana neman wane teburin nake nufi tunda a tabarma muke zaune.

Ga wanda bai san shi ba, abun ba wuya. Jerin abubuwa ne aka rubuta aka sa wa kowanne lamba, 1 zuwa 6, ko 1 zuwa 20, ko har 100. Ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ka duba abin da ke gabanta, shi ke nan ya shiga labari. Kuma 'yan ludon wasan ba irin namu mai fuska 6 kaɗai ba ne, akwai mai 4, mai 8, mai 10, mai 12, mai 20, in ana son 100 sai a haɗa masu 10 guda biyu ɗaya ya tsaya a gomomi ɗaya a ɗaiɗaiku.

Abun ya tsufa kamar wasan kansa. Tun fitowar Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka yi, akwai dokar cewa in jarumai suna yawo cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai jan wasa zai dinga jefa mai fuska 6 a ƙarshen kowane zagaye, in siki ta fito to wani dodo ya ɓullo, sannan a sake jefawa a duba jeri a ga wane irin dodo ne. Littafin jagoran wasa da Gygax ya fitar a 1979 kuwa a bayansa akwai jerin da za ka iya zana kurkuku sukutum da su, ɗaki bayan ɗaki, lungu bayan lungu, ba tare da ka shirya komai ba. Littafin 'yan wasa na 2014 ma yana da jerin tarkace guda 100 da sabon jarumi zai iya tsintar ɗaya a aljihunsa.

Amma ni wanda ya fi damuna shi ne irin wanda ba dodo yake ba ka ba, kalma kawai yake jefo maka ka san yadda za ka yi da ita. Bari in ba ku misali don da shi zan auna duk sunan da aka kawo. Na kwana biyu ina zana wani kogo, da tarkuna da komai, yaran nan suna isa bakin kogon sai babban ya ce shi fa ba zai shiga ba, su koma ƙauyen da suka wuto su nemi labari tukuna. Ƙauyen da ko suna ban sa masa ba! Kaina ya ɗau zafi, sai na janyo wata takarda da na taɓa rubuta kalmomi 20 a hagu 20 a dama, na jefa sau biyu, hagu ta ba ni "gishiri" dama ta ba ni "bashi". Na yi shiru kamar na daƙiƙa biyar sannan na ce musu kuna shiga ƙauyen kun ga kowa na cin tuwo da miyar lami, wata tsohuwa a bakin rijiya ta ce shekara bakwai kenan dodon kogon can ya ranci gishirin garin duka bai biya ba, kuma ba mai ƙarfin halin zuwa tambaya. Wallahi tsalle suka yi, waɗanda suka ƙi shiga kogo don dukiya sai ga su suna rige-rigen shiga karɓo bashi, har yau in an zauna sai an tambayi tsohuwar gishiri. Ni ban taɓa tunanin ta ba, takardar ma ba ta san ta ba, tsakanin kalma biyun nan ta fito.

To sunan fa?

Rabin farko ina ga ba rigima, table ɗin nan ba tebur ba ne, jadawali ne, irin na darasi ko na wasannin ƙwallo. Wani ya ce "allo", na so shi don gajarta, amma allo a kunnen yara ko na makarantar allo ne ko fuskar waya. A bar shi a jadawali. Rigimar tana kan random.

Malam da ka ce "jadawalin ƙuri'a", Allah ya ƙara basira, ta fuskar asali kai ne da gaskiya, don ƙuri'a tun kafin a san akwatin zaɓe ana yin ta in za a raba abu ko a fitar da mutum ɗaya cikin mutane. Matsalar ita ce siyasa ta riga ta cinye kalmar. Ka ce wa ɗan shekara sha biyar "mu jefa ƙuri'a" zai ɗaga hannu ne yana jiran a ƙirga masu rinjaye, wanda kuma shi ne kishiyar abin da ake nufi, a nan ba wanda ya zaɓa. Na gwada a kansu kafin in rubuto wannan, haka ɗin kuwa aka yi.

Wanda ya ce "jadawalin caca" kuma, ɗan'uwa rufa min asiri. Da ƙyar na shawo kan Hajiyarmu cewa 'yan ludo masu fuska da yawa ɗin nan ba na caca ba ne, ba kuɗi ba ci ba a ci, kana so in dawo in ce mata sunan takardar caca? Haka wanda ya ce tunda masu buga wasan su kaɗai, irin masu wasan Ironsworn na 2018, suna kiran nasu oracle, wai mu ce "duba" ko "bugun ƙasa". A'a. Su can kalmar ado ce a wurinsu, mu nan mun san abin da duba take nufi kuma ba abin wasa ba ce, ba gaibu ake nema a takardar nan ba, ni na rubuta ta da birona.

"Kan mai uwa da wabi" ta ba ni dariya sosai, kuma ma'anar ta kusa, sai dai tsawo, kuma kullum tare da harbi ko kame muke jin ta a labarai. "Shaci-faɗi" kuma mutum ne ke faɗa daga kansa, nan kuwa don kar ka faɗa daga kanka aka yi abun, don in an bar ni da kaina kowane ƙauye sai ya zama da sarki azzalumi da waziri munafuki, na lura da haka tun wasa na uku.

Anti da kika kawo "canki-canka", wannan ita ta fi ba ni wahalar yarwa, na kwana ina juya ta. Tana da daɗi a baki, yara sun san ta, kuma daga ji ka san wasa ne ba wani abin tsoro ba. Abin da ya hana ni shi ne a canki-canka kai ne kake miƙa hannu ka canka, ko da a makance ne dai hannunka ne. Sannan tana sa a ji kamar duk abubuwan damarsu ɗaya, alhali ba kullum ba. In mai fuska 20 ne guda ɗaya, eh, kowace lamba kashi 5 cikin 100 take da shi. Amma in ka jefa masu fuska 6 guda biyu ka haɗa, hanyoyi 36 ne, 7 tana fitowa ta hanya 6, ita kuwa 2 da 12 hanya ɗai-ɗai ce kacal. Shi ya sa masu rubuta jadawalin suke sa abin yau da kullum a tsakiya, 'yan fashi ko fatake a kan 7, su ajiye macijin nan mai aman wuta a kan 12. To ka ga akwai tsari a ciki, ba zube yake ba. Duk da haka Anti ban yar da ita duka ba, ranar da ba ɗan ludo na rubuta a 'yan takardu na nannaɗe na ce wani ya ɗauka, wannan kam canki-canka ce ba makawa.

Ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce su da Faransanci table aléatoire suke gani a rubuce, kuma shi a bakinsa "ba-zata" ta fi zama. Nan na tsaya. Jadawalin ba-zata. Wani ya yi saurin cewa ai sunan na karo da kansa, jadawali abu ne da aka tsara, ba-zata kuwa ba a shirya mata ba, ta ya za a haɗa su. Ni kuma wannan karon ne ya sa na so shi, don haka abun yake, ni na zauna na rubuta duka ashirin ɗin da hannuna, ba wanda ban sani ba a ciki, amma in na jefa ni ma zuciyata bugawa take kamar ta yaran. Kuma mun saba da ginin, ziyarar ba-zata, harin ba-zata, jarrabawar ba-zata, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Saura irin na gishiri da bashi, mai ba da kalma zalla. Wani dattijo a nan, Baba Allah ya ƙara lafiya, ya tuna min da ƙyastu, ƙarfen da ake bugawa a jikin dutse tartsatsi ya faɗa kan auduga kafin ashana ta zo. Ya ce abin da ka kwatanta ai ƙyastu ne, abu biyu ka haɗa suka ba da tartsatsi, hura wutar kuma naka ne. Baba wallahi ka gama magana. Wasu masu wasan a Turanci ma da sunan tartsatsi suke kiran irin wannan jeri mai gida biyu, ka ga ba mu yi nisa da juna ba. Sai dai yaran yanzu ba lallai su san ƙyastu ba, na tambayi nawa ɗaya ne ya ce "ba laita ba ce?", na ce to ai ka kusa.

Don haka ni dai ga inda na tsaya sai in wani ya zo da wadda ta fi: gaba ɗayansu jadawalin ba-zata, mai haɗa kalma biyu don neman dabara kuma ƙyastu. Aikatau ɗin "jefa" ne, ba "mirgina" ba kamar yadda na ga wani ya rubuta, ba wanda ke mirgina ɗan ludo a garin nan. Jiya da daddare na gwada, suka tsaya a wata mararraba suna gardama sai na ce bari in duba jadawalin ba-zata, ƙaramar nan mai neman tebur ta ce "Yaya jefa ba-zata kawai mu gani", ta yar da jadawalin ma gaba ɗaya, kuma ina ga haka zai ƙare a bakinsu.

Wanda har yanzu ban samu ba shi ne sunan ɗan ludon kansa, don mai fuska 20 bai taɓa ganin ludo ba, "dayis" kuma ba ta zauna min ba. Masu "ƙwaya" na gan ku, amma ku tuna a gaban Hajiya zan dinga cewa "miƙo min ƙwayar nan".