Me za mu kira "benshi" da Hausa?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan naɗi shiri kan Onoe Matsunosuke, jarumin da ake ɗauka tauraron fim na farko a Japan. An haife shi a Okayama a 1875, ya rasu a 1926. Ɗan wasan daɓe ne na kabuki, wasan gargajiyar Japan, yana yawo gari-gari, har mai shirya fim Makino Shozo ya sa shi a fim a 1909. Finafinansa duka ba su da sauti. A silima akwai mutumin da ke tsayawa gefen farin allo, makaɗa na kusa, yana ba da labari, yana yin muryar jarumi da ta mugu, har da ta mace. Shi ne benshi. Me zan ce masa? Minti goma sha biyar kawai gare ni, ba zan ɓata biyu wajen bayani ba.

Malama Mai Nahawu: Tafinta.

Mai Shirin Rediyo: Malama, na yi tunaninsa. To amma fim ɗin Bajafane ne, 'yan kallo Jafanawa. Daga wane harshe yake juyawa?

Ɗan Damagaram: Sankira mana. Ba shi ke ɗaga murya ya isar da abin da ba a ji ba?

Malama Mai Nahawu: Sankira maimaitawa yake yi. An faɗa a hankali wajen ɗaurin aure, shi ya cira. Nan kuwa ba a faɗi komai ba, shi ke ƙago maganar.

Baba Tsohon Edita: Duk kun bar hanya. Hausa na da sigar ma- da -i: marubuci, maɗinki, mawaƙi. Daga zayyana sai mu sami MAZAYYANI. Tun bara nake neman inda zan ajiye kalmar nan. Kuma ɗana, ka daina cewa fim, ka ce majigi. Aron kalma ya isa haka.

Ɗan Damagaram: Baba, Allah ya ja kwana, majigin ma ai daga bakin Turawa muka tsince ta. Zayyana kuma Larabci ce.

Baba Tsohon Edita: Abin da ya shekara ɗari a gidanka ɗan gida ne. Ina yaro motar majigi ke zuwa ƙofar fada bayan isha'i, a kafa farin ƙyalle, wani ma'aikaci ya riƙe abin magana yana yi mana bayani, mu muna zaune a turɓaya sauro na cizo. Ku da kuka tashi kuka tarar da waya a hannu kun fi mu sanin Hausa?

Malama Mai Nahawu: To Baba, shi wannan ma'aikacin me kuke ce masa?

Baba Tsohon Edita: Mai magana.

Ɗan Damagaram: Ka ji fa.

Uwar Biyu: Ni dai "mai fassara" nake gani. Yarana kullum suna gaban fassarar finafinan Indiya, mutum ɗaya ya yi muryar kowa, ya ƙara nasa gishirin. Har suna zaɓen fim saboda wanda ya fassara. Benshi ma haka aka yi da su, wasu don su ake sayen tikiti. Da finafinai masu sauti suka shigo za su raba su da aikinsu, sai benshin suka yi yajin aiki a 1932.

Malama Mai Nahawu: Akwai kama, Yaya, amma matsalar tafinta ta dawo. Ni zan ce "bakin fim".

Ɗan Damagaram: A rediyo lafiya. A rubuce, tunda ana yawan manta lanƙwasa, wani zai ɗauka baƙin fim ake nufi, ya zaci wani abu daban.

Mai Shirin Rediyo: Na gode. Ga yadda na rubuta: "Matsunosuke kan zare ido, shi ya sa ake masa laƙabi da Medama no Matchan, wato Matsu mai idanu. A fim ɗin Jiraiya na 1921 sai ka ga ya rikiɗe ya zama kwaɗo. Amma muryar da jama'a ke ji ta benshi ce, wato mai yi wa fim baki." Daga nan zan ci gaba da cewa benshi kawai.

Baba Tsohon Edita: Wato kalmar Jafanawa ta ci, tamu ta zama 'yar rakiya. Ba laifi. Ka sa "mazayyani" ko sau ɗaya ne, mu ji yadda za ta zauna a kunne.

Mai Shirin Rediyo: In lokaci ya rage, Baba.