Maɓallan da suka zo daga baya ba sa jin dannawa

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Shafin shagon atamfa ne, JavaScript zalla, babu jQuery (laburaren nan mai sauƙaƙa rubuta JavaScript). A kaya 20 na farko maɓallin "Sa a kwando" yana aiki, amma waɗanda fetch ke kawowa daga server in an danna "Ƙaro wasu", ko gezau. In riƙa sake addEventListener (mai sauraron dannawa) bayan kowane lodi ne, ko da wata hanya?

Baban Nana: Wa alaikumus salam. Sa .live() ka huta.

Yaya Hajjo: Baban Nana, ya ce babu jQuery. Kuma .live() tun a jQuery 1.9 aka cire shi, .on() ya gaje shi. Ɗan Kwari, querySelectorAll abin da ke shafin a lokacin kawai yake kamawa. Ɗora mai sauraro guda a kan uwar, wato div ɗin da ke ɗauke da kayan wanda ba ya canzawa (na kira shi jeri), domin dannawa tana haurawa daga ɗa zuwa uwa:

jeri.addEventListener('click', e => { const b = e.target.closest('.kwando'); if (!b) return; saka(b.dataset.id); });

Kada ka bar closest. In akwai hoto cikin maɓallin, e.target hoton zai zama.

Injiniya: Sake ɗaurawar da kake tunani tarko ce. In sabon function kake ba shi kowane karo, tsofaffin maɓallan suna tara masu sauraro: lodi uku, dannawa ɗaya, turmi huɗu a kwando.

Baban Nana: To ai ciniki ya yi albarka kenan!

Injiniya: Duba kuma ko innerHTML += kake yi. Yana rushe tsofaffin ya sake gina su, masu sauraronsu su tafi. insertAdjacentHTML('beforeend', ...) ya fi.

Baban Nana: A ɗora a document mana, a gama.

Yaya Hajjo: Zai yi, sai dai in wani a tsakani ya kira stopPropagation(), dannawar ba za ta iso ba. Uwa mafi kusa ta fi. Kuma focus da blur ba sa haurawa, sai focusin da focusout.

Injiniya: Yaya, stopPropagation ɗin nan masu sayar da template ne suka addabe mu da shi. Kowane menu sai sun cusa, ga fayil a dunƙule layi guda, ba mai iya karantawa.

Ɗan Kwari: Nawa ma template ne fa. A ina zan fara nema?

Injiniya: Danna F12, zaɓi maɓallin a Elements, ka buɗe Event Listeners. Wane template ka saya tukuna?