Ma'aikacin banki da waya a hannu: hakkinsa ne ko raini?

Ɗan Kwari: Ni dai na ce a hana su taɓa waya lokacin aiki, ƙurunƙus. Jiya na kai kuɗin ciniki, layi har bakin ƙofa, yarinyar da ke kanta tana ta murmushi da WhatsApp. Na yi magana ta ce wai netwok ne babu. Albashin me ake biyanta?

Kashiya: Alhaji, in netwok ya ɗauke me kake so ta yi, ta zuba wa kwamfuta ido? Kuma albashin da kake faɗa, yawancinmu da ke kanta 'yan kwantiragi ne, wani kamfani ne ya kawo mu. Tebur ɗaya da cikakken ma'aikaci, aiki ɗaya, amma shi ke da alawus da ƙarin girma. Ku kun ga an rufe ƙofa ƙarfe huɗu, mu kuwa sai lissafi ya daidaita, ko da naira ɗari biyar ce ta yi ɓatan dabo. Ranar nan har isha'i ina ƙirga. In kira gida in ji ko yarona ya sha magani shi ne laifi?

Ɗan Kwari: Kira daban, hira daban, Malama.

Injiniya: Ku bar batun ladabi. Abin da ya sa ake toshe Facebook a kwamfutar banki, tsaro ne. Gaban kashiya akwai lambar asusu, BVN da sa hannun mutum. Hoto ɗaya da waya ya ishi ɗan damfara. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, in bayani ya fita banki ne zai amsa.

Kashiya: Na yarda, Injiniya. To me ya sa dokar hana waya ta tsaya a kanmu 'yan kanta kawai? Tawa wayar tana cikin durowa, manaja yana ofis yana kallon ƙwallo.

Mai farautar kwastoma: Ni abin da ke ƙona min rai, da datata nake bin kwastomomi. Ƙarfe goma na dare oga zai turo saƙo a guruf yana tambayar nawa na kawo. Lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 wayata ba ta huta ba, har zagi na sha. Darena nasu ne, minti biyar na rana kuma sata?

Ɗan Kwari: Wannan tsakaninku da manajanku ne. Ni dai in na zo kanta, a ɗago kai a amsa sallamata.