Yaya zan taimaki 'yar yayata bayan an yi mata fyaɗe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Zariya nake, shawara nake nema a kan 'yar yayata mai shekara 15 da wani maƙwabcinsu ya yi wa fyaɗe.

Ɓangaren asibiti mun yi, alhamdu lillahi. Mun kai ta Cibiyar Salama, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin Gambo Sawaba tun kafin awa 72 su cika, aka duba ta, aka ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau na kwana 28.

Abin da ya gagare ni shi ne halin da take ciki yanzu. Ba ta barci, ta daina zuwa boko da Islamiyya, ko sallamar namiji ta ji a zaure sai jikinta ya hau rawa. Kullum cewa take laifinta ne. Na gaya mata ba laifinta ba ne har bakina ya gaji, ba ta yarda ba. In zauna kusa da ita in yi shiru ne, ko in riƙa jan ta da magana?

Ga kuma manyan gida sun dage a rufa asiri, wai kada ta rasa mijin aure. Wallahi wannan magana tana ci mini rai, domin mutumin yana nan yana yawo, ga ƙananan yara cike da layin. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe tun 2020, amma mahaifinta tsoron tonon silili yake ji.

Don Allah, wadda ta taɓa bin irin wannan shari'a, ta yaya aka ɓoye sunan yarinyar? Kuma ina zan samu likitar ƙwaƙwalwa mace mai jin Hausa a nan Zariya?