Dan Allah ku taimaka, hodar da nake sawa a ƙasan ido zubowa take yi

Autar gida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu kwalliya ku zo ku cece ni don abin ya ishe ni. Ni dai ba gwana ba ce amma saman idona ina yin shi daidai gwargwado, aishado ɗina, wato hodar kalar ido, na zama lafiya lau har dare. Matsalar ita ce ƙasan ido, wannan layin da ke bin tushen gashin ido na ƙasa. Ina ganin mutane na ɗan zizara hoda a wurin sai idon ya fito dara-dara ya yi wani irin kyau, ni kuwa in na yi, a gaban madubi kam ba laifi amma ko awa biyu ba a yi sai abin ya sauko ya taru kamar wadda ta kwana tana kuka. Shekaranjiya na je wani taro na ci kwalliyata ina ta jin kaina, wata da muka zauna kusa ta dube ni ta ce "sannu, ba ki samu barci ba ne jiya?" wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi na je na duba, baƙi ya kwanta cikin 'yan layukan nan na ƙasan ido, na sa tishu in goge sai ya ƙara caɓewa.

Ga yadda nake yi: in shafa man ido, in sa faundeshan da konsila (mai rufe duhun ƙasan ido), in gama saman ido, sai in ɗauki burushin nan mai gashi buzu-buzu da na yi bilendin da shi in dangwali baƙi in ja daga wannan gefe zuwa wancan. Idona kuma yana yawan kawo ruwa, wani lokacin garin na shiga ciki ya yi ta yaji. Idon nawa ba manya ba ne, shi ya sa ma nake son abin. Ina kuskuren yake? Ko dai in haƙura kawai?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Auta kin ba ni dariya amma ba ke kaɗai ba ce, ni ranar da na fara yarana tambayata suka yi wa ya buge ni. Bari Anti ta zo, wannan gonarta ce.

Anti mai kwalliya:
Ƙanwata ba haƙura za ki yi ba, tun daga burushin kika ɓata rawarki da tsalle. Wannan mai buzu-buzu aikinsa baza kala a wuri mai faɗi, ke kuma wurin da za ki sa wa bai kai faɗin tsinken ashana biyu ba, to ina kike so sauran garin ya je? Dole ya zubo miki a kunci ko ya faɗa ido. Ki nemi ɗan ƙarami mai gajeren gashi a cushe, mai kai kamar na fensir, ko wannan mai shafaffen baki a karkace da ake gyaran gira da shi. In kin danna shi a bayan hannunki bai kamata ya baje ba.

Na biyu kuma wanda ya fi komai, maiƙo. Hoda ba ta tafiya da kanta, maiƙo ne ke ɗaukarta. Kin shafa man ido, kin ɗora konsila, duk abu ne mai danshi, ga fatar wurin siririya ce sosai kuma kullum cikin motsi take, mutum na ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, ki lissafa na awa biyu ki gani. Duk ƙiftawa tana ɗan tura kalar ƙasa. Don haka in kin shafa man ido ki ba shi kamar minti goma ya shige, kada ki kai shi har jikin gashin, in ya yi naso ki danna tishu ki tsane. Konsila ma kaɗan, mutane na zuba ta kamar fentin gida sannan su ce tana karyewa. Ki daddanna ta da yatsa ko soso, ki kalli sama ki goge wadda ta taru cikin layukan, nan take kafin ta sake taruwa ki ɗora farar hodar nan mara kala ta kama wurin. A kan busasshen wuri ake sa aishado.

Yanzu sawar kanta. Ki sunkuyar da haɓa kaɗan ki ɗaga ido ki kalli madubi, sai wurin ya buɗe miki ba sai kin ja fatar da yatsa ba. Ki dangwali kalar da bakin burushin kawai, ki kakkaɓe a gefen falet ɗin, wato ɗan akwatin kalolin, ki ɗan gwada a bayan hannu. Abin da ya rage shi ne naki. Ki fara daga wutsiyar ido, dannawa za ki yi a tushen gashin kina ɗan girgiza burushin, ɗigo-ɗigo, kada ki ja shi kamar mai shara. In kin kai wajen tsakiyar ido ki daina ƙara kala, ki bar ɗan abin da ya saura a burushin ya dusashe da kansa. Sannan ki haɗa shi da na saman a wutsiyar idon, in ba haka ba zai zauna shi kaɗai kamar layin da aka ja da biro.

Kuma tunda kin ce idonki ƙanana ne ki rabu da baƙi daga gefe zuwa gefe, zagaye ido da baƙi ƙara tsuke shi yake yi. Ruwan ƙasa mai matsakaicin duhu mara ƙyalli ki fara da shi, in kina son ya fito sai ki ɗora mai duhun a kashi ɗaya cikin uku na waje, can jikin gashin.

Autar gida:
Kai Anti Allah ya saka da alheri, ashe shara nake yi. To fensir fa, na ji ana cewa a fara sa shi a ƙasa?

Anti mai kwalliya:
Eh yana taimako sosai musamman ga mai ido mai ruwa irinki. Fensir wanda ruwa ba ya wankewa, ki ɗiɗɗiga shi tsakanin gashin, ki murza da burushin da wuri kafin ya bushe, sai ki danna hoda mai kalarsa a kai. Fensir ɗin ya riƙe hodar, hodar ta shanye maiƙon fensir ɗin. Amma kada ki kai ko ɗaya kusa da gefen hanci, nan hawaye ke taruwa, duk abin da kika sa a wurin wanke shi za a yi.

Gimbiya:
Ni fa duk wannan dogon aikin ba na yi. Ina ɗan jiƙa burushin da bakina in dangwali baƙin in sa shi a cikin idon ma gaba ɗaya, kan jan naman nan, yana kamawa ram kuma ya fi fitowa.

Mai aikin ido:
Gimbiya dan Allah ki daina, ba faɗa ba ne amma yawu da ido ba sa haɗuwa. Baki cike yake da ƙwayoyin cuta, ki sa a burushi ki mayar cikin falet, gobe ki sake ɗauka ki kai ido. In jiƙawa kike so akwai ruwan feshin nan na kama kwalliya, ki ɗebi kalar tukuna sannan ki fesa wa burushin sau ɗaya daga nesa, kada ki kai jiƙaƙƙen burushi cikin hodar don yana sa samanta ya taurare.

Sai maganar cikin ido, ita ta sa ma na shigo don Auta ta ce nata na yaji. Akwai bambanci tsakanin tushen gashi ta waje, inda Anti ta ce a sa, da wannan ɗan siririn dandamali mai danshi da ke tsakanin gashin da ƙwayar ido. In kin matsa kusa da madubi cikin haske za ki ga wasu 'yan ɗigo a jere a kansa, ƙofofin mai ne, ana ce musu maibomiyan, a fatar ƙasa kaɗai akwai kamar 20 zuwa 30. Man da suke fitarwa shi ke kwanciya a saman hawaye ya hana shi saurin bushewa. In aka yi ta cusa musu gari suna iya toshewa, ido ya bushe ya riƙa jin kamar yashi, abin mamakin kuma busasshen ido shi ne ke yawan kawo ruwa saboda yana ƙoƙarin kare kansa. Toshewar kan iya kawo hazbiya ko wannan ƙullutun da ke fitowa a fatar ido. A 2015 an buga wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, da fensir mai ƙyalli suka gwada, suka ga in an sa shi ta ciki, cikin minti biyar ɓurɓushin da ke shiga hawaye ya fi na wanda aka sa ta waje da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Mutum kaɗan aka gwada a kansu gaskiya, amma fensir ke nan mai ɗan danƙo, ina ga gari da ba abin da ke riƙe shi.

Gimbiya:
To Hajiya kwalli fa? Shi ma ai gari ne kuma ciki ake zizara shi. Ni shekara nawa ina yi ban ga komai ba.

Mai aikin ido:
Allah ya ci gaba da tsarewa, ido ya bambanta, wata ta yi shekara ashirin lafiya wata sati biyu ta zo mana da kumburi. Shi kwalli nasa zancen daban ne ma, wani daga dutsen da ke ɗauke da dalma ake niƙa shi, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince a sayar da shi a can a matsayin kayan kwalliya ba. Ba kowanne ba ne, amma wanda ba a rubuta abin da ke ciki ba ki yi hattara, musamman ga jarirai.

Uwargida:
Ni abin da ya gyara min nawa shi ne na juya tsarin. Ido nake fara yi sama da ƙasa a kan ɗan firaima (abin da ake fara shafawa don kwalliya ta kama), duk abin da ya zubo in goge da audugar kunne da ɗan ruwan misela na goge kwalliya, sannan in sa faundeshan da konsila a kan fata mai tsabta, sai in ɗan sake taɓa layin a ƙarshe. Da can in gari ya zubo kan konsila ina gogewa yake zama jirwaye. Kuma Auta ki duba maskara, ni na daɗe ina zagin hoda ashe maskarar gashin ƙasa ce ke bugun fatar tana bar min baƙi, da na daina sa ta a ƙasa rabin matsalar ta tafi.

Anti mai kwalliya:
Uwargida ta faɗi gaskiya, ni ma in kwalliya mai nauyi ce ido nake farawa. Na yau da gobe dai da ruwan ƙasa kaɗan ba sai an juya ba.

Mai aikin ido:
Auta tambaya biyu, yaushe kika buɗe falet ɗin, kuma yaushe rabonki da wanke burushin?

Autar gida:
Hajiya kin kama ni. Falet ɗin na yayata ne ta bar min, ita ma ta daɗe da shi, ina jin ya haura shekara huɗu. Burushin kuwa... ban taɓa wankewa ba wallahi, gogewa nake yi a tishu.

Mai aikin ido:
To ga wani dalilin yajin. Ki juya bayan falet ɗin za ki ga hoton ɗan kwano da murfi a buɗe, an rubuta 12M ko 24M, watanni ke nan daga ranar buɗewa. Hoda ta fi daɗewa don ba ruwa a cikinta, maskara kuwa wata uku ake so a canza. Burushin ido ko sau ɗaya a sati ki wanke da sabulu mara ƙarfi, ki kwantar da shi ya bushe, kada ki tsayar da shi ruwa ya gangara cikin gindin ya kwance gam ɗin. Ki kuma karanta ƙananan rubutun, wasu kaloli masu haske sosai, ja da ruwan hoda da shunayya, ana rubuta cewa ba na kusa da ido ba ne duk da suna cikin falet ɗin. Mai manyan ƙyalli ma kada ya zo ƙasan ido, ɗaya ya faɗa ki murza zai iya karce ƙwayar. Masu sa kontak lens, wanda ake mannawa a ƙwayar ido a madadin tabarau, a sa shi kafin kwalliya a cire kafin gogewa. In idon ya yi ja ko yana kwantsa ki ajiye komai sai ya warke, in kuma ruwan bai tsaya ba ko ba kwalliya ki je a duba miki.

Maman 'yan biyu:
Shekara huɗu! Auta wannan ai ya isa shiga makaranta.

Autar gida:
Na dawo da rahoto 'yan'uwa. Na jefar da tsohon falet ɗin duk da raina bai so ba, akwai wata kala a ciki da nake ji da ita. Na samo ɗan burushi mai kan fensir, jiya na bi yadda Anti ta ce, ruwan ƙasa, daga wutsiya zuwa tsakiya, ban sa maskara a ƙasa ba. Na yi da ƙarfe goma na safe, na duba da la'asar yana nan, sai dai na hagu ya ɗan sauko kaɗan a wutsiya don shi ne mai yawan ruwan, na ɗauke da audugar kunne ba tare da ya caɓe ba. Yaji kam babu. Abin da ya rage min shi ne na dama ya fi na hagu kauri, hannuna ba ya juyuwa daidai a can ɓangaren.

Anti mai kwalliya:
Ki riƙa fara na hagun tunda shi ke ba ki wahala, sai ki daidaita na dama da shi. Ki kafa gwiwar hannu a kan tebur, ɗan ƙaramin yatsanki ya jingina a kunci. Gobe in kin yi ki ɗauko mana hoto a bakin taga mu gani.